Hansai Mai Jere da Faifan Nomau

Haihuwa da asali

An haifi Malama Hansai Ɗanjummai, wadda mutanen Safana da Batsari suka fi sani da Hansai Mai Jere, cikin daminar shekarar 1950, a Unguwar Daudu, wani ɗan ƙauye mai gidaje kaɗan da ke gefen Karare. Mahaifinta, Ɗanjummai ɗan Daudu, manomi ne da damina, magini da rani. Mahaifiyarta, wadda ta ɗauki sunan Zainabu bayan ta musulunta, gwana ce wajen saƙar faifai. A lokacin haihuwarta gidan na bin addinin gargajiya na kakanni, sunan Hansai kuwa ta gaje shi ne daga ungozomar da ta yanke mata cibiya, wata Musulma maƙwabciyarsu. Ita ce ta biyu a ɗakinsu. Yayanta guda ɗaya ne, Nomau, wanda ya girme ta da shekara huɗu, wanda kuma sunansa zai yawaita cikin wannan tarihi.

Shekara uku kafin haihuwarta Ɗanjummai ya gina wani soro a tsakiyar gidansa domin masu neman magini su ga aikin hannunsa. Ya ɗaga bangon fiye da yadda aka saba a ƙauye, har ya zama ko dogon namiji ya tsaya a kafaɗar wani ba zai taɓa azara ba, abokan wasansa kuwa suka riƙa tambayarsa ko raƙumi ya gina wa ɗaki. Tsawon bangon babu komai a jikinsa ya dami Zainabu, sai ta saƙa wa kowane mutumin gidan faifai da irin zanensa, ta rina kabar da karan dafi da gangamau, ta rataye su a jere daidai inda hannu ke kaiwa. Daga nan duk yaron da aka haifa cikin zuri'ar sai a ƙara nasa.

A shekarar 1955 baƙon dauro ya ɗauke ƙanwar Hansai tana 'yar shekara biyu. Zainabu ta kasa jure ganin faifan yarinyar a gaban idonta kowace safiya, ta kuma kasa cire shi. Ɗanjummai ya jingina tsani, ya ja layi da farar ƙasa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya kafa maratayi can sama da layin, ya mayar da faifan wurin. Wannan shi ne asalin al'adar gidan: na masu rai a ƙasan layi, na waɗanda suka rasu a samansa. Ba a yanka wa bangon komai, ba a roƙonsa komai, kallonsa kawai ake yi.

Ƙuruciya da karatu

Hansai ba ta shiga makarantar boko ba. Nomau ne aka kai makarantar mishan a 1957, a can kuma ya karɓi addinin Kirista a 1962, aka sa masa suna Bulus, ko da yake ƙanwarsa ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya Nomau har ƙarshen rayuwarta. A 1964 Ɗanjummai da iyalinsa suka musulunta, aka sa Hansai a makarantar allo, inda ta samu abin salla da izu biyu kafin aure. Karatun boko sai daga baya ta same shi a ajin yaƙi da jahilci na Safana, a 1982, tana da 'ya'ya huɗu.

Bayan musuluntar gidan wasu daga cikin dattawan dangi sun shawarci Ɗanjummai da ya cire faifan Nomau daga bango, tunda ya bi wata hanya dabam. Ɗanjummai ya amsa musu cewa ranar da aka rataye faifan ba a tambayi jaririn addininsa ba, haihuwarsa aka gani, don haka ba ya ganin dalilin tambayarsa yanzu. Hansai na tsaye a bakin soron aka yi wannan magana, tana da shekara goma sha huɗu.

Tun kafin wannan lokaci aikin hawa tsani ya riga ya koma hannunta, domin mahaifiyarta na fama da jiri, mahaifinta kuma galibi yana wajen gini. Ita ke share yanar gizo, ita ke kakkaɓe fayafan sama bayan kaka, ita ke lura da maratayin da ya fara girgiɗi. Waɗanda suka yi ƙuruciya tare da ita sun ce yarinya ce marar yawan magana, mai tsayawa ta daɗe tana kallon abu, kuma ba su taɓa ganin ta duba ƙasa ba idan tana kan tsani.

Aure da zama a Safana

A shekarar 1968 ta auri Malam Armaya'u, mahauci a kasuwar Safana, wanda ta sani tun tana raka mahaifiyarta tallan fayafai, rumfarsa na kallon inda suke shimfiɗa kayansu. Mutum ne mai barkwanci, ita kuma mai kawaici, suka zauna shekara talatin da shida ba a ji kansu ba. Yakan ce shi da ita sana'arsu ɗaya, rataya, sai dai nasa jeren ba ya kai la'asar a inda ya sa shi, nata kuwa sai ya aurar da jikoki.

Sana'arta ta fara ne daga ɗakinta na aure. Tsofaffin da suka yi mata jere sun bi yadda aka saba, suka cika bango da tasoshi da kwanuka tun daga gado har rufi. Da aka watse biki, amarya ta sauke kayan gaba ɗaya, ta sake jera su yadda ta ga ya dace, ta mayar da kusan rabinsu cikin kwalla. Abin ya jawo surutu a unguwa, wata gwaggon mijin har ta yi yaji da gidan na ɗan lokaci. Amma kafin shekara ta zagayo iyayen amare biyu sun aiko a roƙi Armaya'u ya bar matarsa ta zo ta yi wa 'ya'yansu irin nata.

Sana'ar jere

Daga 1970 zuwa 2019 babu wata unguwa a Safana da Hansai ba ta shiga da tsaninta ba, an kuma sha ɗaukar ta zuwa Batsari da Tsaskiya da ƙauyukan da ke tsakani. Kowane irin ɗaki tana yi, amma inda ta yi fice shi ne ɗaki mai tsawo, irin sorayen attajirai da zaurukan masu gari, daga baya kuma faluka na bulo da siminti da aka fara ginawa da dogon silin. Sauran masu jere na gudun irin wannan bango domin yana haɗiye kaya, ko me aka zuba masa sai ya zama kamar ba a sa komai ba. Ita kuwa a gaban irinsa ta buɗe ido.

Idan aka kira ta, ba ta fara taɓa kaya. Sai ta nemi tabarma, ta tambayi inda masu ɗakin suka fi zama, ta zauna a nan tana ɓarar gyaɗa tana kallon bango, wani lokaci tun hantsi har azahar, har wanda bai san ta ba ya ɗauka mantawa ta yi da abin da ya kawo ta. Dalilinta shi ne a zaune ake kallon ɗaki, mai ratayawa kuwa a tsaye yake, a kan tsani ma, shi ya sa kullum yake kai kaya sama fiye da kima. Bayan ta gama kallo sai ta miƙe, ta ɗaga hannu, ta yi alama da farar ƙasa. Duk abin da ke da fuska ko ƙaramin rubutu, a ƙasan alamar yake zama. Samanta kuwa sai abu mai manyan zane da ido zai iya karantawa daga nesa, shi ma takan sa guntun kara a bayansa domin ya ɗan sunkuyo ya dubi mutane. Ƙananan kaya ba ta warwatsa su, takan tara su wuri ɗaya su zama kamar abu guda babba. Kuma komai yawan kayan amarya ba ta kai jere har rufi. Uwar amarya ta yi ta magiya, ita kuma ta ce a bar wa ɗakin inda zai yi numfashi.

A bangon ƙasa ba ta yarda da ƙusa ba, domin tana tsatsa da damina ta ɓarke yaɓe. Da kanta take feƙe maratayi na itacen marke, ta jiƙa wurin, ta tura shi a hankali, ta bari ya bushe tare da bango. Da siminti ya shigo ta koyi ƙusar kankare da guduma ba tare da ta yi ƙorafi ba. Haka ta bi zamani: daga tasa da langa zuwa kabad, daga kabad zuwa madubi da agogon bango, daga nan zuwa hotuna masu gilashi da allunan ayoyi da alhazai ke dawowa da su. Ta yi aiki a gidajen malamai, ta kuma rataya ƙyallayen godiyar kaka a cocin su Bulus, da mayafinta, ta fito ta yi sallarta a gindin dalbejiya.

Har yau ana ba da labarin aikin da ta yi wa wani dillalin hatsi, Alhaji Tayyib, a 1991. Ya dawo daga Makka da babban hotonsa cikin harami, ya dage sai an kai shi can kusa da silin sabon falonsa domin duk wanda ya shigo ya gani. Hansai ta ce a rataye shi ƙasa-ƙasa, ya ƙi, ta ce baƙi za su yi ciwon wuya, ya ce su yi. Sai ta ɗauki hoton ta fara hawa, ta tsaya a tsakiyar tsani, ta shaida masa cikin ladabi cewa za ta sa, amma ya sani a gidansu wanda ya rasu ake kaiwa nan. Alhaji ya ce ta yi wa Allah ta sauko da shi, yana da sauran hatsi a rumbu. Hoton na nan daidai saman kujerarsa har bayan ransa.

'Ya'ya

Allah Ya ba ta haihuwa biyar: Nafi'u a 1969, Zainabu a 1972, Sa'adatu a 1974, Daudu a 1977, sai auta Hadiyya a 1981. Sa'adatu ta rasu tana jaririya a ƙarshen shekarun fari, Hansai kuma da kanta ta je Unguwar Daudu ta ɗaga faifanta, ta dawo Safana a ranar.

Nafi'u, kasancewarsa ɗan fari, an ba da shi riƙo bayan yaye kamar yadda aka saba, wanda ya karɓe shi kuwa shi ne Bulus, wanda a lokacin yake aiki a wani ɗakin shan magani a Batsari, shi da matarsa Rebecca ba su samu haihuwa ba tukuna. Bulus ya yi wa Armaya'u alkawari cewa zai mayar masa da ɗa Musulmi kamar yadda ya karɓe shi, ya kuma cika. Shi ke ɗaukar yaron a wuya ya kai shi makarantar allo kafin ya wuce aiki, Rebecca ke tashi ta dafa masa sahur tun azuminsa na farko. A 1978 suka haifi 'yarsu guda, Ruth, wadda ta tashi tana kiran Nafi'u Yaya. Hansai, saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa ambatar sunansa ba, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. Idan ya zama dole sai ta ce yaron Nomau.

Nafi'u ya yi karatu har jami'a a fannin Larabci da addinin Musulunci, ya koyar shekaru masu yawa, ya kai matsayin shugaban wata makarantar sakandare a Batsari. An shaide shi da tsantseni da riƙon amana, ba a kuma taɓa jin ya ɗaga murya a gaban mahaifiyarsa ba.

Wasiyyar mahaifinta

Ɗanjummai ya rasu a watan Maris na 1983. Kafin rasuwarsa ya tara 'ya'yansa a cikin soron, ya raba gonaki, ya ba Hansai tsaninsa na gini, wanda ya sassaƙa da hannunsa, ya ce mata: "Bangon nan na hannunki. Kada a sauke na kowa, ko ya yi fushi da gida, ko gida ya yi fushi da shi." Matarsa Zainabu ta bi shi a 1990, daga nan saƙar fayafan ma ta koma hannun Hansai. Duk haihuwar da aka yi a zuri'ar, a ɓangaren masallaci ko na coci, sai an aiko mata, ta saƙa, ta hau mota ko bayan babur ta je ta rataye. Duk rasuwa kuma, ran kwana uku, za a gan ta da tsani.

Armaya'u ya rasu a 2004. Shi ma yana da faifai, wanda surukarsa ta saƙa masa ranar sunan Nafi'u. Bayan ta fita takaba Hansai ta koma Unguwar Daudu da zama, daga can ake zuwa ɗaukar ta aiki. A waɗannan shekaru soron ya zama mahaɗar dangi. Da Salla da Kirsimeti jikoki kan cika shi, kowa na neman nasa, yara na nuna na sama suna tambayar wane ne wannan, ita kuma tana faɗa musu, har da abin da mai faifan yake so ya ci.

Rasuwar Bulus

Bulus ya rasu a watan Fabrairu na 2016 yana da shekara saba'in. Nafi'u ne ya yi jinyarsa a asibiti, ya tsaya a harabar coci har aka gama addu'a, ya zauna karɓar gaisuwa a matsayin babban ɗa. Ran kwana uku Hansai ta ɗaga faifan yayanta, ta sa shi a jerin mahaifinsu.

A makon ne Nafi'u ya aika mata da saƙo ta bakin ƙanwarsa Zainabu. Ya ce ya daɗe yana jin tsoron al'adar nan, domin yara na tasowa suna ɗaga kai ga matattu, yana gudun wata rana abin ya koma irin wanda kakanni suka bari. Ya ce ya yi shiru saboda girmanta, amma haɗa wanda ya mutu a kan wani addini cikin jerin Musulmi ya fi ƙarfin shirunsa, ko da kuwa mutumin nan ubansa ne na riƙo, kuma Allah Ya sani yana ƙaunarsa. Hansai ta saurara har ƙarshe, ta ce a gaya wa yaron Nomau ta ji, amma ba shi aka bar wa tsanin ba. Maganar ta tsaya a nan, domin soron ba nasa ba ne.

Barin Unguwar Daudu

A daminar 2020 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a yankin, har zama ya gagara a ƙananan ƙauyuka. Nafi'u ya turo motar a-kori-kura da sassafe a kwaso mahaifiyarsa da sauran waɗanda suka rage. Direba na ta danna oda, mutane na jefa katifu da buhunan gero, Hansai kuwa, tana da shekara saba'in, tana kan tsani tana sauke fayafan sama ɗaya bayan ɗaya. Na sama da na ƙasa sun haura saba'in a lokacin. Ta cika buhu biyu, na sama dabam na ƙasa dabam, ta bar akwatin tufafinta da kwallayenta na aure, ta kuma ƙi shiga mota sai da aka ɗaure tsanin a bisa kaya. Damina biyu babu mai yaɓe, a ta biyun rufin soron ya rufta.

Zama a Batsari

Gidan Nafi'u na da falo mai dogon silin, wanda ya gina domin sanyi da kuma ɗaliban da ke zuwa ɗaukar karatu. Hansai ce ta rataya masa allon ayoyi a bangon gabas tun tarewarsa. Bangon yamma kuwa babu komai a jikinsa, kuma duk wanda ya san ta ya ga yadda take kallonsa idan ta wuce. Bayan wata biyu Nafi'u ya sake aiko Zainabu. Ya ce ya sassauta, ta rataye fayafanta a bangon, amma ban da guda ɗaya, na Bulus, shi ta ajiye a ɗakinta inda take so. Hansai ta ce ta gode, buhunan ba su dame ta ba.

Shekara uku fayafan na ƙarƙashin gadonta. Saboda tsoron gara takan fito da su da rani ta shanya a tsakar gida, ta jera su a kan tabarmi yadda suke a bango, na matattu daga can gaba, na Bulus a gefen na Ɗanjummai, ta bar 'yar siririyar hanya a tsakiya. Ta wannan hanya Nafi'u ke bi zuwa masallaci, yana tattare rigarsa kada ta taɓa su. Haihuwa ba ta tsaya ba, ta ci gaba da saƙa tana sawa a buhu. Mutum biyu sun rasu cikin dangi a wannan tsakani, abin da ta iya yi kawai shi ne ta cire nasu daga wannan buhu ta mayar wancan.

Dangi sun kawo shawarwari. Ruth, wadda ke aure a Safana, wadda kuma ta koyi jere a hannun gwaggonta, ta ce a kawo su gidanta, amma ɗakinta na kwano ne, mai tsayi yana taɓa rufinsa. Wasu suka ce a raba, na Kirista su tafi wurin Ruth, na Musulmi su hau bangon Nafi'u, kowa ya huta. Hansai ta ce bango ɗaya aka ba ta.

A farkon 2023 ciwon zuciya ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura, likita ya hana ta aiki. Ranar wata Alhamis cikin watan Yuli, bayan Nafi'u ya fita, ta sa aka jingina mata tsanin a bangon yamma, ta ce wa matarsa ta shiga kicin ta ja ƙofa domin kada a ce da saninta. Ta ja layinta da farar ƙasa a kan fenti. Bisa ƙa'idarta ta fara daga sama, ta kafa na mahaifinta, ta kafa na mahaifiyarta. Ruwan sama ya hana ɗalibai zuwa makaranta ran nan, Nafi'u ya dawo da hantsi, ya tarar da ita can sama, guduma soke a zaninta, faifan Bulus riƙe a haƙoranta, tsanin na motsi. Ya yar da lemarsa ya kama tsanin da hannu biyu.

"Inna, ki sabko," in ji shi.

Ya maimaita. Sannan ta cire faifan daga bakinta, ta dube shi, abin da ba ta saba yi ba.

"Yaron Nomau, in na sabko da shi a hannuna, sai ka nuna mani inda zan aje mutumin da ya riƙa ɗaukar ka a wuya zuwa makarantar allo."

Matarsa ta leƙo daga kicin. Nafi'u ya ce: "Ki sabko, ni zan hau."

Ta sauko a hankali yana tallafe da ita, ta nemi tabarma ta zauna a bakin ƙofa inda ta saba zama, ya cire babbar rigarsa ya hau. Bai taɓa kafa ƙusa a bango ba, ta farko ta lanƙwashe, ta ce Armaya'u ma da ba ya iya komai sai fawa ya fi shi riƙon guduma. Ta yi ta ba shi umarni daga zaune, dama kaɗan, ƙasa kaɗan, a jerin Baba. Da ya kai faifan dab da na Ɗanjummai sai ta ce a'a, ya matsa, ya bar tazarar faifai ɗaya a tsakaninsu. Bai tambaye ta na wane ne ba. Kafin la'asar ya rataye na sama duka, washegari Ruth da Hadiyya suka zo suka jera na ƙasa.

Nafi'u bai ce ya canza ra'ayi ba. Ga ɗalibansa da suka tambaya, ya ce kaba ce da rini, ba ta amfanar da kowa ba ta cutar da kowa, bango kuma ba maƙabarta ba ne, hukuncin waɗanda suka tafi yana wurin Allah, shi abin da aka ɗora masa shi ne mahaifiyarsa tana raye. Watanni huɗu da suka rage mata, kusan kullum a falon take wuni, dangi na zuwa daga Safana da Tsaskiya da inda gudu ya watsa su, kowa na neman nasa.

Rasuwa

Allah Ya yi wa Malama Hansai rasuwa ranar Talata, 14 ga watan Nuwamba, 2023, bayan sallar azahar, a gidan ɗanta da ke Batsari, tana da shekara saba'in da uku. Nafi'u ne ya ja sallar jana'izarta bayan la'asar, aka binne ta a maƙabartar garin. Mahauta daga Safana sun halarta, haka 'yan cocin su Bulus, matan da ta yi wa jere kuwa, wasunsu da jikoki, sun cika gidan har waje.

Ta bar wasiyya guda game da tsanin, cewa Ruth ta hau, yaron Nomau ya riƙe. Ran kwana uku, bayan an yi addu'a, aka yi hakan. Ruth ta ciro faifan gwaggonta daga jerin ƙasa, tsoho ne ƙwarai, jan karan dafinsa ya koɗe, ta hau da shi, ta tambaya ko ya daidaita, Nafi'u ya ce dama kaɗan.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Malam Nafi'u Armaya'u a Batsari, Zainabu a Batsari, Daudu, wanda ya gaji mahaifinsa a fawa a kasuwar Safana, da Hadiyya a Tsaskiya, tare da 'yar yayanta Ruth Bulus, da jikoki ashirin da uku, da tattaɓa-kunne shida. Fayafansu duka suna ƙasan layi, inda hannu ke kaiwa. Nata yana sama, a gurbin da ta sa aka bari, Ɗanjummai a damansa, Nomau a hagunsa. Allah Ya jiƙanta, Ya yalwata mata makwanci.